Me ya hana Dakta ya sauka a wani gari ya hau jirgin ƙasa ya ɗauko Amy da Rory?

Tambaya: "Malam, na kalli kashin Doctor Who da Amy da Rory suka yi bankwana, wato The Angels Take Manhattan, na sha kuka. Yayana kuwa dariya ya yi ta yi, wai labarin duk ɓaraka ne. Ya ce ta yaya ƙaton gunkin nan na New York zai tako ya shigo gari ba wanda ya gan shi, kuma me ya hana Dakta ya sauka a wani gari ya hau jirgin ƙasa ya je ya ɗauko su? Tunda ka yi aikin kwantiniti a fim, ka raba mana gardama. Kuskure ne, ko mu ne ba mu gane ba?"

Ƙanwata, hawayenki ba su zuba a banza ba, dariyar yayanki ma da dalilinta. Sai dai abubuwa biyun da ya kawo ba nauyinsu ɗaya ba. Maganar gunki kowa ya gan ta tun daren da BBC ta haska kashin, ranar 29 ga Satumba 2012, kuma ko an cire gunkin gaba ɗaya labarin zai tsaya da ƙafarsa. Maganar jirgin ƙasa kuwa, nan gizo ke saƙar. Ga wanda bai san shirin ba, Dakta shi ne jarumin da ke tafiya cikin zamani, Amy da mijinta Rory kuma abokan tafiyarsa ne. Wanda bai kalla ba ya dakata a nan, don zan fasa ƙwan duka.

Akwai abu biyu da mutane ke cakuɗawa, gara in raba miki su tun yanzu. A lokeshan, mai kwantiniti ido ne da littafi. Ba a ɗaukar fim a jere. Fitowar da jarumi ya bar ɗaki ana iya ɗaukarta ranar Litinin, wadda ya iso zaure kuma sai bayan kwana goma, a wata unguwa daban. Ni ne mai rubuta cewa hularsa ta karkata hagu, agogo yana hannun dama, shayin kofin ya kai rabi. Na taɓa sakaci a wani aiki: amarya ta shiga ɗaki da lalle jawur a hannu, ta fito bayan minti ɗaya a lissafin labari lallen ya koɗe, saboda tsakanin ɗauka biyun sati biyu muka yi muna jiran kuɗi. Ba wanda ya lura sai a wurin tace hoto, lokacin da gyara ya wuce. Wannan shi ne kuskuren kwantiniti na asali, kuma laifin irinmu ne. Doctor Who ma bai tsira daga irinsa ba. A kashin farko na Matt Smith a matsayin Dakta, a 2010, katin shaidar aikin Rory na asibiti ya nuna an ba shi a 1990, lokacin da a lissafin labari ko yaye shi ba a yi ba. Masu kallo suka yi ta gina hasashe a kai, ashe hannun mai haɗa kayan wasa ne ya zame.

Ɓarakar labari kuwa daga teburin marubuci take fitowa. Shi ya kafa doka da bakinsa sannan ya taka ta, ko ya bar ƙofa a buɗe ya ce mana a kulle take. A tatsuniya ba yaron da ke tambayar dalilin da ya sa gizo ke magana. Amma kaka ta ce dodo ba ya tsallake ruwa, can gaba kuma sai ga shi ya haye kogi ba bayani, autan cikin yaran ne zai fara cewa, "Kaka, ai ɗazu kin ce..." Almarar kimiyya haka take. Mun yarda akwatin 'yan sanda mai launin shuɗi yana yawo cikin zamani, mun yarda cikinsa ya fi wajensa girma. Tufka da warwara ce kawai ba ma yafewa.

Kuma Steven Moffat, wanda ya rubuta wannan kashi, shi da kansa ya koya wa masu kallonsa sa ido. A Flesh and Stone na 2010, gumakan sun fizge wa Dakta kwat, ya ci gaba da yawo da 'yar shat. Sai ga wata gajeriyar fitowa ya dawo wurin Amy, tana zaune a daji idonta a rufe, ya kama hannunta yana lallashinta, a gefen hoton kuma ga kwat a jikinsa. Duk mai irin aikina da ya gani ya ce an yi abin kunya. Bayan makonni takwas, a kashin ƙarshe na zangon, aka nuna ashe Daktan gaba ne ya dawo baya ya yi mata magana, kwat ɗin da gangan aka sa shi. Marubucin da ya yi wa jama'a wannan wasa ba shi da bakin cewa su daina bin diddigi. Ya ce musu kowane zare yana da inda ya nufa, su kuma suka riƙe.

Halittun da shirin ke kira Weeping Angels ni gumaka zan ce musu, don ba abin da ya haɗa su da mala'iku. Wasu baƙin halittu ne masu siffar mutum-mutumin maƙabartar Turawa, mai fukafukai. An kafa dokokinsu a Blink, 2007. Muddin mai rai yana kallonsu, dutse ne, ba motsi. Ka ƙifta ido, sun cim maka. In sun taɓa ka sai su jefa ka can baya cikin zamani ka ƙarasa rayuwarka a can, su kuma su ci ƙarfin kwanakin da da ka yi a naka zamanin. Ba sa iya kallon juna, shi ya sa suke rufe fuska da tafi kamar masu kuka, kuma da wannan aka ci su a Blink: guda huɗu suka kewaye TARDIS, wato shuɗin akwatin Dakta, akwatin ya ɓace, suka tsinci kansu suna kallon juna, suka daskare. A 2010 aka ƙara wata doka, cewa duk abin da ke ɗauke da hoton gunki shi ma gunki zai zama. Amy ta kusa halaka a gaban talabijin da ke maimaita bidiyon daƙiƙa huɗu.

A kashin da kika kalla, gumakan sun jefa Rory daga 2012 zuwa New York ta 1938, inda suke da wani bene mai suna Winter Quay. Sun mai da mutane saniyar tatsa a cikinsa: a jefa mutum baya, a kulle shi a ɗaki har ya tsufa ya mutu. Rory ya ga kansa tsoho yana cikawa a kan gado. Don ya karya abin, ya hau rufin bene ya yi tsalle tare da Amy, don in ya mutu yana matashi to tsohon da ya gani bai taɓa wanzuwa ba, wannan cin karon kuma guba ne ga gumakan. Dabarar ta ci, suka farka a maƙabarta a 2012. Sai gunki ɗaya da ya tsira ya sake taɓa Rory, Amy ta juya wa gunkin baya da gangan don ta bi mijinta, aka bar Dakta da dutsen kabari: Rory ya rasu yana da shekara 82, Amelia, wato Amy, tana da 87.

To ga Mutum-mutumin 'Yanci. Kyauta ce daga Faransa, an ƙaddamar da ita a 1886. Tsawonta ita kaɗai mita 46, da dakalin da take kai mita 93, nauyinta ya haura tan 200. A tsibiri take, tsakaninta da bakin Manhattan ruwa ne fiye da kilomita biyu. Tun 1916 ake haska ta da fitilu da dare, jiragen ruwa na kai da komowa a gabanta, garin kuma a shekarun 1930 yana da mutum kusan miliyan 7. Dokar ta ce ido ɗaya ya isa ya daskarar da ita. Da ma a ce cikin ƙiftawar ido ta iso, irin yadda 'yan'uwanta ke yi, da an sami abin fakewa. Amma jin takunta muke yi, dim, dim, a hankali, gini na amsawa. Ma'ana ta sauko daga dakali, ta keto ruwa, ta bi titi, babu ɗan sanda ko mashayi ko mai gadi ɗaya da ya ɗaga kai. Kuma ba sau ɗaya ba, don tun a buɗe kashin ta zo wa ɗan binciken nan Sam Garner a rufin benen. Abin ban dariyar, a cikin kashin ma an ambaci kirarin garin, wai birnin da ba ya barci.

Wasu na ƙarawa da cewa ai ita ba dutse ba ce, fatar tagulla ce mai kaurin milimita biyu da ɗoriya a kan ƙarafan da Gustave Eiffel ya tsara, cikinta kuma fanko ne da matakala har zuwa kambi. Wannan ban ɗauke shi da nauyi ba, don River, matar Dakta, ta faɗa cewa kamar gumakan sun mamaye duk wani mutum-mutumi da ke garin, wato shiga jikinta suka yi. An toshe. Wadda ba a toshe ba ita ce dokar 2010. In hoton gunki gunki ne, ina za a kai katunan hoto da kan sarki da kalandu da ke ɗauke da hotonta a duk faɗin Amurka? Kowane ɗan yawon buɗe ido ya koma gida da dodo a aljihu ke nan. Moffat ya ƙirƙiri dokar don fitowa ɗaya mai ban tsoro, ta yi masa aiki, bayan shekara biyu ta zame masa ƙarfen ƙafa, sai ya yi kamar bai san da ita ba.

Sauran ƙananan in bi ta kansu da sauri. A lungunan benen gumaka na tahowa ta gaba da ta baya, fuska a buɗe, suna fuskantar juna, abin da ya kashe 'yan'uwansu a Blink. Ana iya kare su da cewa fitila na ɗaukewa tana dawowa, a duhu suke motsi. Na karɓa, ba da daɗin rai ba. Akwai kuma inda Dakta ya warkar da karyewar hannun River da ƙarfin sabunta jiki, wato abin nan da ke sa shi ya yi saɓa kamar maciji ya fito da sabuwar fuska. Tun 1976 shirin ya ce sau goma sha biyu kacal irinsa ke iya yi. A kashin Kirsimeti na 2013 aka yi lissafi, aka sa Daktan da John Hurt ya fito a matsayinsa, aka sa wadda Daktan David Tennant ya ƙona a 2008 bai canza fuska ba, sai ga shi Daktan Matt Smith ba shi da sauran ko ɗaya. To da me ya warkar da hannun? Wannan cin karo ne na gaske, amma ba laifin kashin 2012 ba ne. Ranar da aka haska shi daidai yake, wanda ya zo baya ne ya janye masa tabarma. Shirin da aka fara tun 1963 ba ya rasa irin wannan.

Ki kuma faɗa wa yayanki akwai wuraren da aka yi aiki mai kyau. Gunkin da attajiri Grayle ya ɗaure da sarƙa ya cafke wuyan hannun River amma bai jefa ta baya ba. Mai kallo na shirin tambaya, sai Dakta ya ce da wuya in yana da sauran ƙarfin yin haka, don an galabaitar da shi. Jimla ɗaya, daƙiƙa uku, rami ya cike. Haka da Amy ta tambaya ko gunkin da ya ɗauke Rory zai kai ta inda ya kai shi. Wannan ya dace da Blink, inda Dakta da abokiyar tafiyarsa Martha da ɗan sanda Billy Shipton duk suka faɗa 1969. Na kawo waɗannan ne don ki ga marubucin ya iya ɗinki in ya ga dama. Shi ya sa babbar ɓarakar ta fi ciwo.

Yanzu jirgin ƙasa. Abin da Dakta ya faɗa a maƙabarta shi ne zamani ya yamutse a New York, TARDIS ba zai iya komawa can ba, in aka ƙara wani cin karon garin zai tarwatse. Mun yarda, don tun farko mun ga akwatin ya yi ƙoƙarin sauka a 1938 ya yi tsalle ya dawo, sai da Dakta ya je ƙasar Sin ta shekara 221 kafin miladiyya ya sa aka rubuta alama a jikin wata tukunya da ta ƙare a gidan Grayle, sannan ya sami abin bi. Amma ki duba girman makullin. Gari ɗaya ya kulle, da ɗan taƙin zamani. Su kuwa waɗannan mutane ba su wuce shekara talatin da 'yan kai ba lokacin da aka jefa su, suka rayu har 82 da 87. Shekara hamsin ke nan ko fiye. A cikin shekara hamsin ba a sami rana ɗaya ba? Ya sauka a Boston a 1945 ya sayi tikiti. Ko ma kada ya shiga garin, ya buga musu waya su ƙetare kogin Hudson su same shi a New Jersey. Ba a ce an ɗaure su a turke ba, Winter Quay ta riga ta shafe. Kuma tsohon shirin ya nuna Daktan farko, William Hartnell, ya sauka a saman Empire State a 1966, a tsakiyar shekarun da Amy da Rory ke zaune a garin.

Sannan ga River. Ita ba da TARDIS ta shiga 1938 ba, da wata na'ura ce da take ɗaurawa a hannu kamar agogo, kuma da bakinta ta kwatanta ta da babur a cikin cunkoson motoci. Duk wanda ya taɓa sauka daga mota a go-sulo ya hau acaɓa ya san abin da take nufi. Babur ɗin yana nan a hannunta a ƙarshen kashin. Bugu da ƙari, ita za ta rubuta littafin Melody Malone da Dakta ke karantawa a farko, wanda ke ba da labarin abin da zai same su, ta aika wa Amy ta buga, har ta ce za ta sa ta rubuta masa jawabin ƙarshe. Saƙo na shiga, amsa na fitowa. Hanyar da ta ɗauki littafi me ya hana ta ɗauki mutum?

Masu kare kashin za su ce makullin na gaskiya ba garin ba ne, dutsen kabarin ne. Nan kam dole in cire hula, don an gina wannan tunani da kyau tun daga farko. Dokar kashin ita ce abin da ka karanta game da gobenka, alƙalami ya bushe a kansa. Amy ta leƙa gaba a littafin ta ga za a karya wani abu, sai ga shi dole hannun River ya karye. Dakta ya umarce ta ta kuɓuta ba tare da karaya ba, ta karya hannun a ɓoye ta ce masa ta yi nasara. Ya kuma ga sunan babin ƙarshe, bankwanan Amelia, jikinsa ya mutu. Saboda haka da ya karanta sunayensu a dutse, magana ta ƙare.

Matsalar ita ce kashin da kansa ya warware wannan tufka minti kaɗan kafin nan. Rory ba karantawa ya yi ba, da idonsa ya ga mutuwarsa, Dakta ma yana tsaye, kuma aka goge ta. Shi kansa dutsen a gabanmu ya canza: sunan Amy babu shi a kai sai bayan gunkin ya taɓa ta. Rubutun da ke ƙaruwa kana kallo bai bushe ba. Kuma me dutsen ya ce? Suna da yawan shekaru. Babu ranar rasuwa, babu wanda ya ga gawa. Mai sassaƙa dutse kuɗi kawai zai karɓa ya rubuta abin da aka ce masa. Kada ki ce na cika wayo, shirin ne ya koya mini. Shekara ɗaya kacal kafin wannan, duk zango na 6 an gina shi a kan cewa mutuwar Dakta a bakin tafkin Silencio, a jihar Utah, ranar 22 ga Afrilu 2011, abu ne da ba ya canzuwa. Yaya ya kuɓuta? Ya ɓuya cikin wani mutum-mutumin inji mai kamarsa, aka harbi injin, shaidu suka ga abin da tarihi ya ce sun gani, shi kuma ya fice ta bayan gida. Mutumin da ya yi wa tarihi wannan damfara don ransa, yau dutse ɗaya ya gagare shi saboda aminansa? A Blink ma shi da Martha gumakan sun jefa su baya, aka aika musu TARDIS, suka dawo lafiya lau.

Ko da na bar duk wannan, na yarda lallai a New York za su tsufa a binne su, dutsen ya faɗi inda suka kwanta ne kawai. Bai faɗi wanda ya sha shayi da su a 1952 ba. Hana ɗauko su daban, hana ziyara daban, kashin kuma ya haɗa su ya ce ba zai sake ganinsu ba har abada.

Daga baya an yi wa Moffat wannan tambaya ta jirgin ƙasa, ya ba da amsa cewa yamutsin ba a taswira kawai yake ba, tabon cin karon da aka yi ta yi ya yi yawa, in Dakta ya sake tsoma hannu cikin rayuwarsu garin zai ƙone ko ta ina ya biyo. Amsa ce mai ma'ana. Amma a sana'armu abin da ba a sa a faifai ba bai faru ba. Darakta ba ya bin masu kallo gida ɗaya bayan ɗaya yana musu ƙarin bayani. Abin takaicin, gyaran ba shi da tsada. Daƙiƙa ashirin sun isa: a nuna Dakta ya gwada wani gari a wata shekara, akwatin ya yi tsalle ya dawo kamar yadda ya yi a farko, River ta ce masa ƙullin a jikin su biyun yake, duk inda suka je yana biye da su. Da yayanki bai sami abin dariya ba sai gunkin.

Akwai wata fassara da na fi so, ko da yake kashin bai furta ta ba. Tun a fitowar farko Dakta ya yage shafin ƙarshe na littafin ya ce ba ya son ƙarshe. Ya lura da tabarau ɗin karatu a fuskar Amy, ana ta kewaye-kewaye kan layukan da suka fara fito mata a gefen ido. River ta gargaɗe ta kada ta bar shi ya ga rauni, kada ta bar shi ya ga tana tsufa. In aka bi wannan zaren, "ba zan iya ba" da ya faɗa ma'anarta "ba zan jure ba": ya san ranar da za su ƙare, ba zai iya zama yana kallonsu suna tafiya can ba. Wannan ya dace da halinsa sarai. Sai dai yana mai da shi matsoraci da ya bar aminansa shekara hamsin ba ko sallama, alhali kashin da ya biyo baya ya nuna shi a Landan ta 1892 ya ƙaurace wa duniya yana zaman makoki, irin na wanda aka yi wa fashi, ba wanda ya juya baya da kansa ba. Don haka fassarar tawa ce, ba ta marubucin ba.

Dalilin da ya sa aka shiga wannan tsaka mai wuya ba ɓoyayye ba ne. Karen Gillan da Arthur Darvill, masu fitowa a matsayin Amy da Rory, za su bar shirin, kuma duk marubucin da jaruminsa ke da injin tafiya cikin zamani yana da ciwon kai ɗaya: ba rabuwar da ba ta warwaruwa. An kulle Rose, abokiyar tafiyar Dakta, a wata duniya daban a 2006 aka ce har abada, ta dawo a 2008. An goge wa Donna, wata abokiyar tafiyarsa, tunani a 2008 aka ce in ta tuna za ta mutu, ta dawo a 2023. Moffat ya so ya ba mu kabari don mu yi kuka, ya kuma ba su tsawon rai tare don kada yara masu kallo su kwana da baƙin ciki. Taura biyu ba ta taunuwa. Da kashe su ya yi, babu tambaya. Da barinsu ya yi a gidansu na Landan, babu kuka. Ya zaɓi tsakiya, tsakiyar kuma tana bukatar makulli mai ƙarfi, shi kuwa na baki ya sa mata. Alamar ya san da saura ita ce a kashin Kirsimeti na 2016 an ga Daktan Peter Capaldi a saman wani bene a New York yana haɗa na'urar gyara yamutsin zamanin garin, yana cewa shi ya jawo shi.

Akwai ɗan ƙarin da BBC ta saki a watan Oktoban 2012, fitowar da Chris Chibnall ya rubuta ba a ɗauka ba, sai aka fitar da ita cikin zane, Darvill ya karanta muryar Rory. Wani dattijo ya ƙwanƙwasa ƙofar Brian, mahaifin Rory, ya miƙa masa wasiƙa. Ashe jikansa ne, ɗan da Amy da Rory suka ɗauka riƙo a 1946. Jika ya girmi kaka. In kin ji kashin ya sa ki kuka, wannan sai kin nemi hankici na biyu. Amma ki lura, ita ma ta ƙara buɗe ƙofar ne, don ga wani ya fito daga rayuwarsu ya tsallaka teku da saƙo a hannu, garin bai tarwatse ba.

Wurin da ni ya fi tsaya mini a rai, a matsayina na mai riƙe littafi a lokeshan, rufin benen ne. Rory na tsaye a bakin katanga, ƙatuwar gunkin New York na bayan Amy baki buɗe, haƙora waje. An gaya mana dole wani ya riƙa kallonta. Sai maganar mata da miji ta yi zafi, ta hau katangar ta tsaya kusa da shi, suka zuba wa juna ido suna magana, ba mai kallon gunkin, ita kuma ta tsaya cak tana jira su gama, kamar surukar da ta san ya kamata. Da ina wurin da na ɗaga hannu, kuma na san darakta Nick Hurran zai ce in sauke, don fuskokin nan biyu yake bukata suna kallon juna, kuma da gaskiyarsa, wannan fitowar ce ta sa ki kuka. Ki sake kallonta tare da yayanki ku ƙirga tsawon lokacin da aka bar gunkin ba ido a kanta. Ni dai duk sanda na kalla, sai in tsinci kaina na kafa mata ido a madadinsu, ina gudun ƙiftawa.